Baƙon da Muka Bari Cikin Sanyi

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, malami ne masanin Allah, mai zurfin ilimi da tsantseni, wanda shekara ashirin ina zama gabansa ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Yana da wata ɗabi'a da mu almajiransa muka sani sarai: ba ya yi wa maras lafiya addu'a sai ya tambaya, "Me likita ya ce?" Ni mai gyaran firji ne, ilimina bai taka kara ya karya ba, amma abin da idona ya gani zan faɗa.

Shekararmu tara da matata ba haihuwa. Da aka duba, likita ta ce shimfiɗar cikin mahaifarta ce ta yi kauri fiye da kima, irin kaurin da in aka bar shi yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji. Wata tara tana kan magani, ana ɗan tsinko tsoka ana gwadawa, har Allah Ya sa wurin ya washe. Likita ta ce mu yi hanzari, don abin kan dawo. Aka haɗa mana ƙwayayen haihuwa uku a asibiti don a dasa mata a mahaifa, aka dasa na farko bai zauna ba, na biyu ya yi sati shida ya zube. Na ukun, wanda suka ce ya fi rauni, aka bar shi a daskare cikin firjin asibiti.

Matata ta gaji, wallahi ta gaji. Wata safiya tana ninke kayan jariran da ta ɗinka da hannunta za ta bai wa ƙanwata, ta ce, "Maigida, a cire mahaifar kowa ya huta. Zuciyata ba za ta ɗauki na uku ba." Na karɓo takardar yarda da aikin daga asibiti, na cusa a aljihu, ban gaya wa kowa ba.

Da hantsi na je karatu, na zauna can baya kusa da takalma. Bayan an tashi, Shehi ya yafuto ni, ya daɗe yana dubana da wannan sanyin ido nasa, sannan ya ce, "Ɗana, takardar da ke aljihunka, dakata da sa hannu. Kun bar baƙo cikin sanyi."

Ko mahaifiyata ba ta san da maganar ƙwan nan ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, sun ce ba shi da ƙarfi."

Ya yi murmushi ya ce, "Kai da kake gyaran firji, yaushe ka fara zubar da ajiya ba ka buɗe ka duba ba? Ku tambayi likita. In ta ce lokaci ya ƙure, ku bi maganarta, ran matarka ne gaba. Kuma kada ka matsa mata, ita ke ɗauke da ciwon." Sai ya ɗaga hannu ya yi wata gajeriyar addu'a, wadda ni a raina har na raina tsawonta, Allah Ya yafe mini.

Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni. Matata ta yi kuka mai isarta, sannan ta kwance ƙullin kayan ta mayar cikin akwati. Likita ta sake gwaji, ta ce wurin lafiya lau, akwai damar gwadawa sau ɗaya. Aka dasa, ya zauna.

Mace aka haifa, 'yar mitsitsiya mai muryar mutum uku. Bayan wata huɗu kaurin ya dawo, aka cire mahaifar, matata ta sa hannu da kanta tana shayarwa.

Ranar da muka kai wa Shehi yarinyar, ya karɓe ta da hannu biyu, ya zare mayafin da ke kafaɗarsa ya lulluɓe ta, alhali ana zafi har gumi na tsatstsafo mana. Matata ta ce a hankali, "Baba, za ta ji zafi." Ya ce, "Bar ta, 'yata. Ta daɗe tana jiranmu cikin sanyi." Ni dai fita na yi waje, don kuka ya ci ƙarfina.

Tsarki ya tabbata ga Mai rayar da abin da bayi suka fid da rai a kansa. Ya Allah, Ka ɗaukaka darajar Shehinmu, Ka lulluɓe shi da rahamarKa yadda ya lulluɓe 'yata, mu ma Ka sam mana albarkarsa. Amin.