Simintin da Salihu Ya Zuba a Kan Furen Gwaggo

Ƙawata, matso ki ji abin da ya ɓata min rai.

Akwai wata dattijuwa a Madabo, ana ce mata Gwaggo Kande. A kusurwar tsakar gidansu, inda take alwala, tana da wani furen fadama mai saiwa kamar dankali, wanda 'yan boko ke kira okid. Mahaifiyarta ce ta haƙo shi daga fadamar ƙauyensu. Yanzu fadamar ta zama gidaje, uwar kuma ta daɗe da rasuwa. Abin da ya rage wa Gwaggo na Innarta ke nan.

Furen da halinsa. Da damina ya miƙe ya yi furanni ruwan hoda. Da rani ya bushe ƙurmus, ki rantse ya mutu, alhali saiwar na kwance a ƙasa tana shan ruwan alwala.

Ɗan ƙanenta Salihu, mai sayar da shadda, shi ma a gidan yake. Wurin ya tsone masa ido.

"Gwaggo, wannan caɓin kunya yake ba ni gaban abokaina."

"Akwai rai a ciki, ɗan nan. Ka bar min wurin."

"Rai? Sai dai na sauro."

Ana tsakiyar rani ta tafi zaman makoki Ƙofar Mazugal. Ko da ta dawo, tsakar gida ya sha siminti, sumul har bango. Ta tsaya da buta a hannu, ta rasa inda za ta tsugunna.

"Salihu, yau ka sake binne min Inna."

Dariya ya yi. "Haba Gwaggo, ciyawa fa! Zan sayo miki na roba, ba ya mutuwa."

Ki ji fa! Matar da ta goya shi a bayanta! Sai ta kai kukanta wurin Allah.

Ruwan farko ya sauko da azahar, Salihu na kasuwa. Da, kusurwar nan ce ke shanye ruwan gidan. Yanzu ya rasa mashiga, sai ya nufi ɗakin da Salihu ke jibge shadda. Salihu ya dawo ya tarar da dilolinsa sharkaf. Da hannunsa ya ɗauki guduma ya farfasa simintin.

Gwaggo ta durƙusa tana tona ƙasa da yatsu. Saiwoyin duk sun ruɓe, sai guda ɗaya tak, da ɗan tsiro fari a lanƙwashe.

"Gwaggo, ki yafe min."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na yafe. Ja da baya, kada ka taka min shi."

Darasi: Abin da babba ya ce a bar masa, a bar masa, ko da ke caɓi kike gani. Ba ki san abin da ya ajiye a wurin ba. Ku tura wa 'ya'yanku su karanta.

Ke kuma ƙawata, na san kin gane gidan. Don Allah kada ki faɗa wa kowa.