Hatsin Barnaba a Rumbun Yayarsa

A wani ƙauye na bakin kogi, akwai wani magidanci mai suna Barnaba. Gonarsa tana cikin fadama, ƙasa baƙa mai albarka. Yana da mata, sunanta Kande, da 'ya'ya ƙanana, da 'yan awaki. Mutum ne mai ƙwazo da fara'a, ba ya fashin sujada. Hali ɗaya dai gare shi: yana son abinsa ya zauna inda idonsa zai riƙa ganinsa.

Wata shekara Ubangiji ya buɗe hannu, kaka ta yi kyau ƙwarai. Shinkafa ta yi, dawa ta yi, har geron da ya shuka a gefen jigawa ya ba da mamaki. Rumbu ya cika, ga sauran dammuna jibge a tsakar gida. Barnaba ya yi ta zagaya su yana murmushi, ya ce a ransa zai gina sabon rumbu kusa da tsohon, ya fi shi girma.

Sai Kande ta ce, "Maigida, ina da magana."

Ya ce, "Ina jin ki."

Ta ce, "Kogin nan da yake ba mu, wata rana yakan zo karɓa. Ina yarinya na ga ruwa ya shiga garinmu, rumbun babana ya narke kamar gishiri a miya. Kada mu tara kome wuri ɗaya. Ga Yaya Tabita can kan tudu, rumbunta ba kome ciki tun rasuwar mijinta. Mu kai rarar nan wurinta."

Tabita yayar Barnaba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana zaune da marayunta a wani ƙauye na kan tudu, tafiyar safiya ɗaya daga kogi. Barnaba yana ƙaunarta, amma ya san yadda gidanta yake. Ya sosa ƙeya, ya ce, "In na kai hatsi gidan da babu, ai kyauta na kai, ba ajiya ba."

Kande ta ce, "In ta ci, 'yar'uwarka ce ta ci. In ruwa ya ci, wa zai gode maka?"

Barnaba ya fashe da dariya. Kashegari ya ari jakuna, ya yi ta jigilar gero da dawa zuwa tudu har rumbun Tabita ya cika. Da zai komo ya ce mata, "Yaya, ajiya ce. Amma in yunwa ta matsa, ki ɗiba." Ya faɗi haka da bakinsa, zuciyarsa kuwa tana cewa, sai dai wata kakar.

Da rani ya yi, mata da miji suka shiga gyaran gida. Barnaba ya sake jinkar ɗakuna, ya yaɓe gindin katanga, ya buɗe magudanar ruwa da shara ta toshe. Kande ta shanya kuɓewa da kuka da barkono, ta ƙulle daddawa da gishiri da kanwa, ta zuba su a tukunya mai murfi, ta ɗora a kan ragaya. Ta nannaɗe ashana a leda, ta sa a ciki. Suka kuma yi magana tun da wuri: in ruwa ya zo, Kande za ta ɗauki yara da tukunyar, Barnaba ya kora awaki, su bi hanyar bayan gari wadda ba ta ratsa kwari.

Maƙwabta suka riƙa yi masa ba'a. "Barnaba, damina ake jira ko yaƙi?"

Shi kuwa yakan ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya."

Damina ta sauka, aikin gona ya kama shi, bai ƙara taka tudu ba. Shuka ta yi kyau, kowa yana murna. Amma da marka ta kankama, sai ruwa ya yi ta zuba ba ɗagawa. Wata safiya Kande ta tafi kogi ɗiban ruwa, ta komo da gudu, tulu ba kome.

Ta ce, "Maigida, ruwa ya yi ja, yana tafe da itatuwa. Mashaya ta nutse."

Kafin hantsi ruwa ya shiga gonaki. Ba su tsaya shawara ba, gama sun riga sun yi ta. Kande ta goyi ƙaramin, ta kama hannun sauran, ta ɗora tukunya a ka. Barnaba ya kwance awaki, ya bi gida gida yana kira, "Ku fito! Ku bi ta bayan gari!" Waɗanda suka yi masa ba'a dā suka bi bayansa, wani da tabarma, wani da tsohuwarsa a baya.

Da suka hau gangare ya waiwaya. Ya ga ruwa ya kewaye gidansa, ya ga rumbunsa ya karkata, sa'an nan ya kwanta. Ga gona ta tafi, ga rumbu ya tafi, ga jama'a a bayansa, kowa da yunwarsa. Ya ce a ransa, "Bazara ta wuce, ga shi ana tsakiyar damina, lokacin da abinci yake ƙarewa a kowane gida. Me zai ragu a rumbun gwauruwa mai marayu?"

Tabita ta hango su daga nesa, ta sheƙo a guje ba ko takalmi.

Ta ce, "Sannunku, sannunku! Kowa ya fito?"

Barnaba ya ce, "Kowa ya fito, Yaya."

Ta ce, "To, mun gode wa Ubangiji. Sauran mai sauƙi ne."

Kunya ta hana shi tambayar hatsi. Amma ita ta goye shi yana jariri, ta san fuskarsa. Ta kama hannunsa ta kai shi gindin rumbu, ta ce ya hau tsani ya leƙa. Ya hau, ya ɗaga murfi. Ga dawa ba a taɓa ta ba, ga gero, an ɗan rage shi daga sama.

Tabita ta ce, "Na ɗiba fa."

Ya ce, "Ai ni na ce ki ɗiba."

Ta ce, "Sauko ka ga inda na kai shi."

Ta zaga da shi bayan gida, wajen gonar marigayi mijinta, wadda ta daɗe tana kwance saboda rashin iri. Barnaba ya tsaya cik. Gero ne tsaye daga wannan iyaka zuwa waccan, ya fi tsawon mutum, zangarniya ta nuna, tsuntsaye suna ta shawagi a kai.

Tabita ta ce, "Ka ce in yunwa ta matsa in ɗiba. Da ruwan shuka ya sauka, na duba, na ga gonar nan ta fi mu jin yunwa. Ni da yara muka shuka, matan zumunta suka taya mu noma. Da ka zo gaisuwa, ai da ka gani tuni."

Barnaba ya zauna a ƙasa, cikin laka, ya yi ta dariya har hawaye suka zubo masa.

Ran nan aka hura wuta da ashanar Kande. Turame suka yi ta amsa juna, ƙanshin daddawa ya cika unguwa. Yara suka karyo sabon gero, aka gasa musu tumu, suna ci suna tsalle, bakinsu baƙi ƙirin. Mutanen da suka rasa gidajensu da safe, kafin rana ta faɗi suna raira waƙar yabo, kowa da ƙwaryar tuwo a gabansa. Haka suka zauna a kan tudu, suna ci daga rumbun, suka kuma girbe gonar tare, har ruwa ya janye suka koma suka tā da gidajensu. Ba wanda ya kwana da yunwa.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Kogin nan duniya ce, wadda take ba mu yau, gobe ta juya. Ba wanda ya san ranar ambaliya, ko gobara, ko iska, ko fari. Shiri kuwa ba rashin bangaskiya ba ne. Allah wanda ya ba mu damina, shi ne ya ba mu rani domin gyara, ya kuma ba mu hankali. Saboda haka mu gyara rufi tun rana tana fitowa, mu buɗe magudana, mu ajiye busasshen abinci inda ruwa ba zai kai ba, mu faɗa wa iyalinmu hanyar da za a bi. Mu kuma saurari mai ba mu shawara, ko da daga cikin ɗakinmu ta fito.

Amma ku lura da wannan. Abin da Barnaba ya riƙe a gaban idonsa, shi ruwa ya ci. Abin da ya saki, yana tsammani ya yi hasara, shi ya tarar, har da ƙari. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Abin da ka sa a hannun gwauruwa da maraya da maƙwabci, a hannun Ubangiji ka sa shi, shi kuwa ba a taɓa ba shi ajiya ya mayar da ita yadda take ba.

Haka yake ga zuciya. Addu'a da Maganar Allah hatsi ne, a kwanakin salama ake tara su. Wanda ya jira sai wahala ta kai masa gwiwa kafin ya koyi addu'a, zai koya, amma da kuka.

In mun tashi daga nan, kowa ya je ya duba rufin ɗakinsa. In ya gama, ya sa takalminsa, ya tafi ya gai da ɗan'uwan nan da ya daɗe bai gani ba, kada kuwa ya tafi hannu wofi. Ubangiji ya ba mu ikon aikatawa. Amin.