Sojan da Ke Bayan Katangar Maiturare

Akwai wani mutum a garin Gwarzo mai suna Jibirin, amma in ba mahaifiyarsa ba, babu mai kiransa da wannan suna. Kowa Maiturare yake ce masa, domin sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Yana da ɗan shago a bakin kasuwa, ranar kasuwar Kabo kuma sai ya ɗaure akwatin kwalabensa a bayan babur ya tafi.

Maiturare ba mugu ba ne. Ku riƙe wannan tun daga farko. Mutum ne mai fara'a, ba ya fashin jana'iza ko ɗaurin aure, kuma ba a taɓa jin ya ci haƙƙin wani ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Zubair, wani soja mai muƙamin kofur. Tare suka taso a unguwar. Maiturare ya ɗan girme shi, don haka Zubair yake kiransa Yaya.

Ranar da aka tura su Zubair fagen daga a Arewa maso Gabas, ya biyo ta shago da jakarsa a kafaɗa.

"Yaya, tafiya ta kama. Ga Sa'ada nan da yara, ga kuma gonata ta Madadi. Ba ni da wanda zan bar wa, daga Allah sai kai."

"Haba Kofur, har sai ka faɗa? Gidanka ai gidana ne. Je ka, Allah ya dawo mana da kai lafiya."

Kuma har ga Allah da gaske yake a lokacin.

Inda aka kai su Zubair babu sabis ɗin waya sai an hau wani tudu. Duk ranar da ya samu dama yakan kira matarsa, sannan ya kira Maiturare. Ba wata magana yake da ita ba. Ya tambayi ko an yi ruwa, wa ya yi aure, wa ya rasu, ko mai shayin bakin tasha yana nan.

Da farko Maiturare yana ɗauka su sha hira. Daga baya kiran ya riƙa zuwa daidai lokacin da shago ya cika.

"Kofur, ina da mutane, zan kira ka anjima."

In anjiman ta yi, sai lambar ta ƙi shiga.

Damina ta faɗi. Maiturare ya yi niyyar tara gayya a nome gonar Madadi, har ya yi wa wasu samari magana. Sai tasa gonar ta taso, sai cinikin Sallah ya zo, sai matarsa ta haifi Ihsan. Ranar da ya bi ta hanyar Madadi ya leƙa, ciyawa ta kai ƙugu. Ya ce a ransa baɗi sai ya rama.

Sa'ada ba ta taɓa aiko masa da ƙorafi ba. Kunya ta hana ta. Shi kuma ya ɗauki shirunta a matsayin komai lafiya.

Bayan kaka labari ya iso gari. Motar su Zubair ta taka nakiyar da aka binne a hanya. Wasu daga cikin abokan aikinsa a nan suka cika. Shi ya tsira, amma an yanke masa ƙafar hagu daga saman gwiwa, kunnensa ɗaya kuma ya daina ji. Ya daɗe a asibiti kafin a kawo shi gida.

Makon farko gidan ba masaka tsinke. Ana ta "Sannu Kofur, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ce." Wasu kuma in sun gama gaisuwa sai su matso.

"Wai don Allah mutum nawa ka kashe?"

"Da gaske ne harsashi ba ya kama su?"

Zubair sai ya kalli ƙasa.

Maiturare ma ya shiga cikin ayarin masu dubiya. Idonsa ya sauka a kan ƙafar wandon da aka naɗe aka soke da fil, ya yi maza ya kawar da kai. Zubair ya yi murmushi da ya gan shi.

"Yaya, ya gona?"

Ba da wata manufa ya tambaya ba. Amma Maiturare ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Ai... daminar bana ba ta yi kyau ba, Kofur."

Duk wanda ke ɗakin ya san an daɗe ba a ga damina mai albarka irin ta bana ba.

Daga ranar Maiturare bai sake taka gidan ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce ta yi masa katutu. Har ta kai in zai fita da safe ba ya tayar da babur a ƙofar gida. Sai ya tura shi a hankali har ƙarshen lungu, don kada Zubair ya ji fitarsa.

Masu dubiya suka ragu, suka ragu, har suka ƙare.

Duk da haka Zubair yana ƙoƙari. Yakan dogara sandunansa ya fito masallacin unguwa. Wata rana bayan la'asar, jama'a na fitowa, tayar wata motar yashi ta fashe a bakin titi. Kafin kowa ya ankara Zubair ya yi jifa da sandunan, ya faɗi ƙasa, ya janyo wani dattijo da ke kusa da shi yana ihu.

"Ku kwanta! Ku kwanta ƙasa!"

Sai wani ya fashe da dariya, wasu suka taya shi. Dattijon ya tashi yana kakkaɓe riga yana faɗa. Wani ya ce, "Wallahi yaron nan ya taɓu, a nema masa ruƙiyya."

Maiturare ne ya fi kowa kusa da shi. Taku biyu ne tsakaninsu. Ya ga Zubair yana jan jiki a ƙasa yana lalubar sandarsa. Sai ya sunkuya kamar mai neman takalmi, har wasu suka ɗaga Zubair.

Tun daga nan Zubair ya daina fitowa.

Mutum ɗaya ce ba ta daina shiga gidan ba. Malama Martina, 'yar asalin Filato, wadda ta daɗe tana koyarwa a wata firamare a garin. In ta tashi daga makaranta sai ta biya, ta taya Sa'ada aiki, ta duba wa yara darasi. Wani lokaci ta zauna daga bakin ƙofar ɗakin Zubair tana gyaran wake, ba ta tambayarsa komai.

Wata rana ta tsaya a shagon Maiturare. Ya fara jawo mata kwalabe, ta ɗaga hannu.

"Maiturare, ba saye na zo ba. Maganar maƙwabcinka ce."

"Malama, ina nan ina shirin haɗa masa wani abu mai ɗan kauri in kai."

"Ba wani abu yake jira ba. Maigidana Zechariah soja ne. Ya dawo da ƙafafunsa biyu, amma bai sake zama mutumin da na sani ba. Abokansa suka gudu, ni kaɗai na rage masa, kuma ban ishe shi ba. Haka ya yi ta zama a ɗaki har Allah ya ɗauke shi."

Ta gyara jakarta a kafaɗa.

"Ni mace ce, kuma baƙuwa. Akwai abin da ba zai faɗa mini ba, ba zai faɗa wa matarsa ba. Kai ka san shi tun yana yaro. Ka shiga ka zauna kawai."

"In sha Allahu gobe, in na dawo daga Kabo."

Ta juya ta tafi.

Goben ba ta zo ba sai bayan kusan wata guda. Ranar ya tsaya a ƙofar gidan ya fi sau nawa yana juyawa, kafin ya daure ya yi sallama.

Tun daga zaure hancinsa ya gaya masa akwai matsala. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin ƙamshi ba ya kuskuren wari. Sa'ada ta fito da jajayen idanu.

"Baban Ihsan, sannu da zuwa. Tun faɗuwar nan ta masallaci ciwon ya buɗe. Na yi na yi a koma asibiti Kano, ya ce ba zai roƙi kowa ya ɗauke shi ba. Ya hana ni faɗa wa kowa, har Malama."

Zubair na kwance a kan katifa, ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Jikinsa zafi kamar garwashi.

"Yaya, kai ne?"

"Ni ne, Kofur. Ka yafe mini. Maganar gonar nan..."

"Wace gona? Ni ban taɓa jin haushin gona ba." Ya numfasa da ƙyar. "Kunnena ɗaya yana ji, Yaya. Kullum da safe ina jin ƙarar sarƙar babur ɗinka kana tura shi. Sai in ce yau zai tsaya ya yi sallama."

Maiturare ya fita da gudu ya nemo mota.

Shi ya ɗauki Zubair a hannunsa ya sa a mota, ya yi mamakin rashin nauyinsa. A asibiti aka ce ana buƙatar jini, ya miƙa hannu aka ɗiba. Ya ce in bai isa ba a ƙara. Ya rufe shago, ya tare a gefen gadon. Ya kira 'yan unguwa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka zo, har da wanda ya fara dariya a masallaci.

Likita ya ja shi gefe ya ce ciwon ya riga ya shiga jini. Da an kawo shi da wuri, da abu ne mai sauƙi.

Zubair ya rasu ranar wata Laraba da hantsi.

Jana'izarsa ta tara mutanen da unguwar ba ta taɓa gani ba. Kowa na cewa jarumi ne, ya ba da jininsa don ƙasa. Maiturare yana tsaye a bakin kabari yana kallonsu, ya rasa wanda zai ji haushi, domin shi ne a sahun gaba.

Da Sa'ada ta gama takaba, iyayenta suka zo suka tafi da ita da yaran zuwa garinsu, Masanawa. Maiturare ya ce zai riƙa noma gonar yana kai musu amfanin. Ta yi godiya cikin ladabi, ba ta ɗago kai ba. Aka sa wa gidan kwaɗo.

Bayan wani lokaci, a kasuwar Kabo, ya ji ana zancen wani soja a ƙauyen Durun, wai shi Badaruddeen, da ya dawo ba hannun dama, kuma ba ya magana da kowa. Masu zancen suka ce Allah ya kyauta, suka koma cinikinsu.

Maiturare ya tattara kwalabensa tun kasuwa ba ta watse ba. Ya yi ta tambaya har ya samu gidan.

Ya tarar da matashin zaune a zaure shi kaɗai, ya juya wa ƙofa baya. Ya yi sallama sau biyu kafin a amsa.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

"Hoto ka zo ɗauka? In shi ne, an riga ka."

"A'a. Daga Gwarzo nake. Zama kawai na zo yi, in ka yarda."

Badaruddeen ya juyo ya ƙare masa kallo. Bai yi murmushi ba, bai ce sannu da zuwa ba. Can ya sa ƙafa ya turo masa gefen tabarma.

Maiturare ya zauna. Har aka kira magariba babu wanda ya ce komai a cikinsu.

Darasi: Sojan da ke fagen daga da wanda ya dawo da rauni ba jinjina kawai suke buƙata daga gare mu ba. In ya kira ka, ka ɗauka, wataƙila tudu ya hau kafin ya same ka. Ka leƙa iyalinsa ba sai sun roƙa ba. Ku taru ku nome masa gona. In ya dawo, kada ka tambaye shi abin da ya gani, kada ka yi masa dariya in ya firgita, ka kai shi asibiti, ka ba da jini, ka zauna da shi bayan kowa ya watse. Kuma kada kunyar abin da ka kasa yi jiya ta hana ka shiga yau, domin yabon bakin kabari ba ya kai wa ga mai shi. Don Allah ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai. Wataƙila akwai wani Zubair a bayan katangar wanda zai karanta.