Gilasai Goma Sha Biyu na Deribe

Akwai wani malamin kimiyya a unguwar Damilu da ke Yola, sunansa Deribe, mutumin Bama. Shekara uku ya yi a ƙasar waje yana aiki ɗaya: ya harba wani haske mai tsananin ƙarfi da ake kira leza kan roba, tururinta ya kwanta a kan gilashi, ya zama fata siririya wadda ko ɓawon albasa ya fi ta kauri nesa.

Lokacin tallafin karatunsa ya ƙare, ya dawo da gilasai goma sha biyu a cikin akwati. Saura kawai ya kai su Abuja a auna tudu da kwarin da ke fuskarsu, ya rubuta sakamako, a ba shi digirin dakta. Irin injin da ya yi su kuwa, ba shi da hanyar sake samunsa.

Yayarsa Zulaihatu ce ke riƙe masa gida. Ita ta raine shi, kuma tun da 'yan bindiga suka kashe mijinta ta gudo Yola, ba ta da kowa sai shi.

Ran nan ta gan shi yana ɗaga gilasan da safar hannu.

"Deribe, me ke ciki haka kake lallaɓawa kamar ƙwai?"

"Ya Zulai, ko na faɗa ba ganewa za ki yi ba. Je ki duba tukunyarki."

Ta koma kan tukunyarta. Ai boko in ya hau kan mutum, har uwarsa sai ya koya wa ɗaura zani.

Ana gobe tafiya ya tafi tashar Jimeta kama kujera, ya bar akwatin a buɗe. Zulaihatu ta shigo shara, ta ga gilasan duk sun yi dishi-dishi. Ta ce ƙaninta ba zai kai wa manya kaya da datti ba.

Da ya dawo, ya tarar da su jere a faranti cikin rana, suna ƙyalli.

"Wallahi na sha wuya," in ji ta tana murmushi. "Wannan maiƙon sai da na sa toka da soson ƙarfe ya fita."

Ya durƙusa ya ɗaga ɗaya. Tas, babu sauran fatar. Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rasa wanda zai yi wa. Abin tausayi, wallahi.

Digirin bai samu ba har yau. Ita kuma da ta gane abin da ta goge, ta tattara kayanta ta koma sansanin 'yan gudun hijira don kunya. Sau huɗu yana zuwa lallashinta, ta ƙi fitowa.

Darasi: Kada ka raina fahimtar wanda ke zaune da kai. Bayanin minti biyu da girman kai ya hana ka yi, zai iya cinye maka aikin shekaru har da ɗan'uwa. Tura wa wani, ko zai gyara tun da sauran lokaci.