Jan Gam a Ƙasan Inji

Talata ce. Hadari ya haɗo tun safe, ruwa ya ƙi sauka, gari ya ɗau zafi.

Akwai wani direba da ake ce wa Dogo. Mutum ne mai neman na kansa, ba ya shaye-shaye, ba ya cutar fasinja. Aibinsa ɗaya ne: bai yarda da kowa ba. Ko ruwa ka ba shi sai ya leƙa cikin kofin.

Injin motarsa ya gaji, aka sauke shi. Mijin ƙanwarsa bakanike ne, shi ya karɓi aikin. Dogo bai bar shi ya sayo komai ba. Da ƙafarsa ya shiga kasuwa ya sayo kayan cikin inji: ringi da metal da sabon famfon baƙin mai. Kafin ya miƙa famfon, sai da ya zagaya bayan gareji ya karce gefensa da ƙusa, don ya gane idan an musanya.

Aka ɗaure inji, ya tashi lafiya lau. Dogo ya kai motarsa gida. Washegari ya ga ɗan ɗigon mai a ƙasa.

Ya ce a ransa, "Ka ga irin ta ko? Ya rage aiki don in dawo."

Bai gaya wa kowa ba. Ya sayo jan gam na liƙe inji, ya kwanta ƙarƙashin mota, ya kwance kwanon ƙasan inji, ya lafta masa gam kamar mai yaɓen bango, ya mayar ya ɗaure. Ɗigo ya tsaya. Ya ji daɗin kansa.

To, ran Talatar nan, yana kan hanya da fasinja, inji ya yi zafi, sai jar fitilar mai ta fara ƙyaftawa. Ya tsaya ya zaro sandar awo. Mai a cike. Ya ci gaba, fitila ta ci gaba da ƙyafta masa ido. Direba ya san ma'anar wannan. Idan mai ba ya hawa da ƙarfi, inji na dab da bugawa.

Da ƙyar ya lallaɓa ya kai tasha. Can ya tarar da wani ɗan kamasho da ake kira Rediyo, saboda ba a kashe shi.

Rediyo ya leƙa ya ce, "Sabon inji da wutar mai? Dogo, an sha da kai. Famfonka yanzu haka yana cikin motar wani yana aiki."

"Surukina ne fa."

"To wa ya fi shi sanin ba za ka kai ƙara ba?"

Dama abin na cikin ran Dogo, mai tayawa kawai yake jira. Nan gaban direbobi ya ɗaga murya ya ce mijin ƙanwarsa ɓarawo ne. Rabin waɗanda ke wurin a garejin mutumin suke gyara.

Daga nan ya wuce gidan ƙanwar. Ya same ta tana kwashe shanya saboda hadari.

"Auta, ki gaya wa mijinki ya fito min da famfona."

Ta tsaya da kaya a hannu. "Yaya, mutumin da ya sha barin abincinsa ya je ya jawo ka daga daji?"

"Wannan ba ta hana sata. Idan bai fito da shi ba, ni da gidan nan har abada."

Ta shiga ɗaki ta ja labule.

Da la'asar ya ɗebi Rediyo da wasu direbobi su zama shaidu, suka tura motar gareji. Labari ya riga su isa. Bakaniken yana goge hannu da tsumma, ya gaishe su duka, har da Dogo.

"Yaya, ka bari mu bi abin daki-daki. Wani lokaci suwic ɗin fitilar ne ke ƙarya."

"Ba suwic ke ƙarya ba."

Bakanike ya yi kamar bai ji ba. Ya cire suwic, ya ɗaura geji mai allura a gurbinsa, ya tada inji. Da sanyi allura ta hau daidai. Da inji ya yi zafi ta fara saukowa. Ya taka totur. Maimakon ta hau, sai ta yi rawa ta ƙara faɗuwa. Nan take ya kashe.

Ya ce, "Fitila ta yi gaskiya. Amma da metal ne ya yi sako-sako, in na taka sai allura ta ɗaga. Wannan injin shaƙe shi aka yi. Famfo na ja, ba ya samu."

Rediyo ya ce, "Tsohon famfo dama ina zai ja?"

Dogo ya naɗe hannu. "A buɗe. A gabana."

Aka tura mota kan rami. Bakanike ya sauka da fitila, ya juye mai, ya ɗora sifana. Sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon bakin kwanon.

"Yaya, wa ya taɓa nan bayana?"

Dogo ya kau da kai gefe.

Kwano ya sauko. A ƙasan famfo akwai wata 'yar rariya da mai ke bi kafin ya hau inji. Bakanike ya kwanto ta tare da famfon, ya ajiye kan teburin ƙarfe. Rariyar ta toshe ƙam da jan abu, zare-zare kamar tsutsa. Gam ɗin da aka lafta ne ya matso ciki, zafi ya yanko shi, famfo ya zuƙe.

Wani tsohon direba ya sa yatsa ya taɓa. Ya ce, "Kai, wannan yaron ba ya aiki da jan gam. Kowa ya sani." Ya dubi hannun Dogo. Har lokacin akwai ja a gefen farcensa.

Ruwa ya sauko kan kwanon rufi. Rediyo ya tuna ya bar wata mota tana lodi, ya fita cikin ruwan.

Bakanike ya goge gefen famfon da tsumma, ya juyo shi wajen haske. Ga karcen ƙusa nan.

"Ga alamarka, Yaya. Tun ranar da ka kawo shi na gan ta. Na yi shiru ne saboda uwar 'ya'yana."

Bakanike ya ajiye famfon, ya ci gaba.

"Ɗigon da ka gani, noti ɗaya ne za a ƙara ɗaurewa. Da ka zo, ko zama ba za ka yi ba. Inji bai mutu ba, zan wanke in mayar. Sunana da ka kai tasha ne ban san da wace sifana zan kwanto shi ba."

Washegari da sassafe Dogo ya zo gareji ya ɗauki guntayen gam ɗin a gwangwani. Ya tafi tasha da ƙafa, ya tsaya daidai inda ya tsaya jiya, ya zazzage su a ƙasa. Ya ce, "Ga ɓarawon. Da hannuna na sa shi." Ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya yana faɗa musu, har waɗanda ba su ji ta farko ba.

Ya biya gidan Auta. Ta amsa sallama daga bayan labule, ba ta fito ba.

Sannan ya koma gareji. Bai tsaya kan rami yana leƙe ba, ya zauna can kan benci. An jima murya ta fito daga ƙarƙashin mota.

"Yaya, miƙo min sifanar nan ta kusa da ƙafarka."

Ya tashi ya miƙa.

Darasi: Kafin ka kira mutum ɓarawo, ka fara duba abin da hannunka ya taɓa. Zargi ba wayo ba ne. Tambaya ɗaya ta isa ta hana ka ɓata sunan wanda ya riƙe ka da gaskiya. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman mai saurin zargi. In kai ne, ka sake karantawa.