'Yan Jan Ƙyalle

Akwai wani matashi mai suna Yahuza a wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya, cikin ƙaramar hukumar Faskari. Ya yi difloma a fannin noma, ya dawo gida da takarda da kuma ɗan ɗaga kafaɗa.

Abin da ya tarar ya hana shi sakat. Kwazazzabon da ke gabas da gari yana cin ƙasa duk damina, har saura taku arba'in ya isa maƙabarta. Kuma a layin farko na wannan gefen mahaifiyarsa, Ramatu, take kwance.

Ya tara abokansa tara suka kafa ƙungiyar sa kai, suka samo dashen darbejiya da mangwaro ɗari uku daga Ƙanƙara. Kamata ya yi a dasa tun farkon damina, amma Yahuza ya ce a jira manyan baƙi su samu lokaci. Sai ƙarshen Satumba aka yi taron dashen a bakin kwazazzabon, da rumfa da lasifika da ɗaukar hoto.

A bakin kwazazzabon akwai gonar wani tsoho, Baba Barau. Mutanen gari na yi masa tsiya wai gonarsa ƙazama ce, domin in ana sharar gona shi ba ya sare tohon kalgo da sabara da ke fitowa daga tsofaffin kututturai. Sai dai ya bar rassa biyu masu ƙarfi, ya ɗaura musu jan ƙyalle don kada 'yan ƙwadago su sare.

Ranar taron, tsohon ya ja Yahuza gefe. Ya ce masa ruwa ya kusa ɗaukewa, kuma da an gama kaka za a saki awaki. Yahuza ya yi murmushi, ya ce wannan aikin ilimi ne, Baba ya je inuwa ya huta.

To, awaki dai ba ruwansu da difloma. Abin da suka rage, rani ya ƙarasa. Ko guda ɗaya bai rayu ba, abokai shida kuma suka zame.

Da damina ta dawo, kwazazzabo ya ci taku goma sha takwas. Wata safiya bayan ruwa mai ƙarfi, Yahuza ya tsaya a kan kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Yana share hawaye ya lura da abin da girman kai ya hana shi gani: ta wajen gonar Baba Barau, ƙasa ba ta motsa ba.

Ya je wurin tsohon, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baba, na yi maka rashin kunya. Ka yafe mani, ka koya mani."

"Tashi, ɗana," in ji tsohon. "Uwarka ta sha aiko mani da hura a bakin gonar nan. Icen da kake nema shina nan ƙarƙashin ƙasa, saiwarshi ta girme ka. Ku dai ku bar kashe shi."

Daga ranar aka sake salo. Su huɗun da suka rage suka bi gona gona suna roƙon manoma su bar toho. Suka dasa gamba layi layi a bakin ramin, suka tare hanyar ruwa da buhunan yashi. Lauratu, ƙanwar Yahuza, ta bi gidaje tana karɓar tsofaffin zannuwa masu ja, ana yayyagawa ana ɗaura wa toho. Da haka mutane suka laƙaba musu 'Yan Jan Ƙyalle, sunan ya bi su har yau.

Shekara bakwai ke nan. Ƙungiyar ta kai Sheme, ta kai wasu ƙauyukan Sabuwa. Duk ƙarshen damina Yahuza yakan je ya auna da ƙafarsa, ya samu taku ashirin da biyu, yadda ya bar su. Kuma duk taron da za su yi, da addu'a ga Baba Barau ake buɗewa.

Bara Allah Ya yi wa tsohon rasuwa. A gefen gabas aka haƙa kabarinsa, inda a da ba mai yarda a kai mamacinsa. Yahuza ne ya shiga ya karɓe shi, ya kwantar da shi kusa da Ramatu.

Darasi: Ilimin takarda alheri ne, amma kada ya sa ka raina wanda ya tsufa a kan ƙasar da kake son gyarawa. Ka saurari dattawa, ka gode musu tun suna raye. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu shirin sharar gona a bana.