Ɗakin Gilashin Glenys

Akwai wani maƙwabcinmu a garin Barnsley, can ƙasar Turawa, Royston Platt sunansa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da namu.

Da likita ya ce matata Glenys ba za ta ga wani hunturun ba, abu ɗaya ta roƙe ni: in ƙara wa kicin ɗinmu ɗakin gilashi, ta riƙa shan shayi cikin rana tana kallon furanninta. Lambunmu ya yi mata sanyi, ba ta iya fita.

Magini ya zo ya auna. Ya ce tunda tushen ginin zai taɓa katangar da muka haɗa, doka ta ce sai maƙwabci ya sa hannu. In ya ƙi, sai an kira masu awon fili, aiki ya tsaya watanni.

Na sami Royston yana ba tumatirinsa ruwa.

"Royston, hannu kawai za ka sa."

"Kai da gilashi, Norman? Gidan sarauta za ka mayar mana da layin? Ni ba na sa hannu a abin da mai awo bai duba ba."

"Ba ta da lokaci, ɗan'uwa. Ka dai ga yadda ta koma."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma doka ba ni na rubuta ta ba."

Da na gaya wa Glenys, dariya ta yi har tari ya sarƙe ta. "Ƙyale tsohon nan. Tumatirinsa yake ji wa tsoron inuwa."

Masu awo suka zo, suka tafi, suka sake zuwa. Ita kuwa kullum tana kan kujera bakin ƙaramar tagar wanke-wanke, tana miƙa wuya don ta hango furanninta. Daga baya ko kujerar ba ta iya zuwa.

An kawo gilasan, suna jingine a lambu cikin leda, ta rasu.

Ranar jana'iza ana raba shayi da burodi a gidanmu, sai ga Royston da baƙar rigarsa, yana miƙo min takarda.

"Na sa hannu, Norman. A fara ko gobe."

Na ce, "Ka san hanyar maƙabarta. Kai mata."

Ya tsaya da takardarsa a tsakiyar falo. Duk mutanen layinmu suna wurin, babu wanda ya matsa masa kujera. Har yau in ya gaishe su, kai kawai suke kawarwa.

Darasi: Doka ta ba ka ikon cewa a jira, amma ba kowa ne ke da lokacin jira ba. Alherin da za ka yi, yi shi mai shi yana raye. Ku tura wa duk wanda ya haɗa katanga da wani.